Ƙeyar Jarumi

Kawu yana tura katifa gindin matakalar bene da ƙafarsa mai lafiya sa'ad da darakta ya ja shi gefe ya ce masa jarumin fim ya ƙi faɗuwa. Wai masoyansa ba su taɓa ganin bayansa a ƙasa ba, kuma ba a kan wannan fim za su fara ba.

Kawu shi ne mai tsara faɗa. Tun yana da gashi a ka yake koya wa 'yan wasa yadda za su naushi juna ba tare da an taɓa kowa ba, da farko a dandamali, daga baya a gaban kyamara. Bai taɓa yin faɗan gaske ba a rayuwarsa, ko da mai haya. In ɗan wasa ya ji tsoro, shi ke sa rigarsa ya faɗi a madadinsa, har ta kai 'yarsa tana gane shi a fim ta sanƙonsa kawai.

Matsalar ita ce gwiwarsa ta hagu. Likita ya gaya masa in ya sake gangarowa daga bene, sai dai ya tsara faɗa daga kan keken guragu. Bai gaya wa darakta ba, don akwai samari masu tsalle kamar ƙwado da ke jiran gurbinsa, kuma darakta ya riga ya fara ambaton su.

"Ka sa rigarsa ka faɗo mana kafin rana ta juya," in ji darakta. "Ko in kira yaran nan?"

Kawu ya ce babu damuwa, abin da yake faɗa ke nan duk lokacin da akwai ta.

Jarumin yana zaune a inuwa ana shafa masa hoda. Kawu ya bi shi da lallashi, ya yi masa bayanin cewa matakala uku ce kawai, katifar kuma ta fi ta gidansa laushi. Jarumin ya ce ai ba tsoro yake ji ba, suna yake karewa. Ya cire rigarsa ya miƙo, yana ta latsa waya.

Rigar ta matse Kawu a ciki, aka ɗora masa hula don a rufe sanƙon. Ya roƙi darakta a fara gwada naushin kaɗai, faɗuwar ta biyo baya. Sannan ya je wurin mai kyamara ya tuna masa cewa tunda ba a so a ga fuskar mai maye gurbi, dole kyamara ta tsaya a bayansa. Mai kyamara ya ce ai ba yau ya fara aiki ba.

Mai fitowa a mugu, wani bawan Allah mai sanyin hali da ke ba da haƙuri bayan kowane naushi, ya kawo hannu. Naushin ya wuce hancin Kawu da tazarar yatsa, Kawu ya buga tafinsa a ƙirji don a ji ƙara, ya wurgar da kai baya. Darakta ya ce ya yi.

Kawu ya gayyaci jarumin ya zo ya duba a ƙaramin talabijin, ko akwai gyara. Jarumin ya zo yana hamma. Fuskar mugun ce ta cika allon, idanu jajur, jijiyar wuya a tashe, har mai hoda ta ce ashe mutumin nan yana da kyau.

"Ni ina nake?" in ji jarumin.

"Ga ka nan, ranka ya daɗe. Kai ne wannan ƙeyar."

Jarumin ya sa aka maimaita masa. Ya tambaya ko haka wurin zai tafi har ƙarshe. Kawu ya ce haka ne, sai dai in mai rigar ne da kansa, to a nan kyamara kan juyo ta zauna a fuskar wanda aka nausa, ta bi shi har ƙasa, mata kuma a nan suke kuka.

"Ba ni rigata, Kawu."

Cire ta ya fi sa ta wuya. Kawu ya zauna a kujerar roba yana koyarwa da baki: a saki gwiwa, a dunƙule haɓa a ƙirji, kafaɗa ta riga kai isa. Jarumin ya faɗo kamar buhu, ya sake, ya sake, har ya fara faɗowa kamar mutum. Ma'aikata suka tafa. Ya tashi yana kakkaɓe wando, ya tambayi darakta ko za a iya ƙara masa wani dukan a ƙarshen fim, kuma ya ce daga yau ba ya faɗuwa sai Kawu na wurin. Darakta ya mayar da wayarsa aljihu, ya fasa kiran yaran.

Da yamma Kawu ya shiga gida a miƙe, ba ɗingishi. Matarsa ta tashi za ta ɗora ruwan gasa baya kamar kullum, ya ce ta bar shi, yau babu inda ke masa ciwo. Ta tsaya da tukunya a hannu, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Baban yara, gaya mini gaskiya. Korar ka aka yi?"