Kwandon Tsohon Sama

Tela ce, shagonta a ƙasan bene, kuma duk wanda ya san ta ya san ba muguwa ba ce. Ƙiwa ce dai da ita, irin ta mai ƙoshin lafiya, wadda ke ganin hawa matakala kamar tafiyar kwana biyu.

A hawa na huɗu akwai wani dattijo, tsohon direban bas, wanda gwiwa ta ci amanarsa shekara uku ke nan. Dabarar da ya yi ita ce kwando da igiya. Sai ya zuro shi ta taga har ya tsaya daidai tagar shagonta, da 'yar takarda a ƙarƙashin hankici: burodi, sabulu, maganin hawan jini. Ita kuma ta sayo ta zuba, ta ja igiyar sau biyu, kwando ya tashi.

Takan ɗaga kai ta ce, "Baba, ka mai da ni 'yar aike."

Shi kuma daga can sama ya ce, "'Yata, ƙafa aro ce. Ki more ta kafin mai ita ya zo karɓa."

Sai ta yi dariya ta koma kan kekenta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa ta gaishe shi ba.

Ranar Talata kwandon ya sauko tana fama da ɗinkin wata mata mai baƙin naci. Ta gan shi sarai, ta ce a ranta ai burodi ba ya gudu. Laraba ta wuni wajen mai gyaran keke. Alhamis, da aka ji shi shiru, mai benen ya kira kafinta aka ɓalle ƙofar dattijon, aka same shi a kujerarsa ta bakin taga, rai ya yi halinsa.

Ɗansa ya zo ya kwashe kaya ya tafi. Babu wanda ya lura da igiyar da ke ɗaure a ƙarfen taga, sai kwandon ya ci gaba da reto a gaban shagonta.

Da rana tsaka, ko iska babu, sai ta ji ya bugi gilashi sau biyu. Ta tsayar da keke ta kasa kunne. Ta yanka hannun riga a karkace, abin da rabonta da yi tun tana koyo. Abinci ma ya daina shiga.

Ƙanwarta ta leƙo ta ce, "Yaya, ki sa almakashi ki datse igiyar nan mana. Ko tsoron Baba kike ji?"

"Ba shi nake tsoro ba. Abin da ke ƙarƙashin hankicin nan nake tsoro."

A kwana na takwas ta gaji da ɓoyon. Ta miƙa hannu ta ɗaga hankicin, tana addu'ar Allah ya sa burodi ne. Makulli ta gani, da takarda, rubutun duk ya karkace.

"'Yata, yau ba aike ba ne. Ƙafa ta ƙi gaba ɗaya, na kasa kaiwa ƙofa. Ga makulli. Ki hau in kin samu sarari."

Ta zauna daɓas. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta biyu a kan fedar keke, lafiyayyu, ko ƙaiƙayi ba sa yi. Kunya ta rufe ta, ta yi kuka har ta gode wa Allah.

Sannan ta miƙe ta nufi matakalar tana ƙirgawa. Sittin da huɗu ne har ƙofarsa, ko minti uku ba ta yi ba. Ta tsaya gaban sabon kwaɗon da aka sa, makullin ya yi gumi a hannunta.

Da za ta sauko, a hawa na uku, ta tuna da wata tsohuwa mai yanar ido da ke zaune ita kaɗai, wadda ko kwando ba ta da shi. Ta ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Ni ce, Inna. Telar ƙasa."

Aka daɗe ana laluben sakata. "Lafiya dai, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Inna. Sarari na samu."