Rediyon da Ba Ya Wuce Matakala

Tsohon Direba mutum ne mai son a yaba masa kaya, kuma babu abin da yake ji da shi kamar rediyonsa, wani baƙi mai ɗaurin roba a murfin batir. Tashar da ya tsufa yana saurare ta daina watsa shiri ta iska, ta koma intanet, amma shi bai san an yi haka ba. Abin ya zo daidai da rasuwar matarsa, sai autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta ga ba za ta haɗa masa rashi biyu ba. Ta samo wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanka girma ba, ta jona shi da tsohuwar wayarta, ta ɓoye su a bayan kabad. Wayar na ɗauko shirin daga intanet, akwatin na tura shi daidai inda allurar rediyon ta saba zama. Ƙarfinsa bai wuce ɗakunan gidan ba.

Direba kuwa ya samu abin cika baki. Duk wanda ya hawo benen da yake zaune ya ce tashar ta mutu, sai ya murɗa masa ya ji, ya ce kayan yanzu ne ba su da kunne. Auta ta riga ta ja kunnen maƙwabta, saboda haka kowa yakan gyaɗa kai ya wuce.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da Tela, amininsa tun ƙuruciya, aka ce jikin ya yi nisa. Da Direba ya je dubiya, Tela bai yi kukan ciwo ba, kukan tashar ya yi. Matarsa ta sha kunna masa a waya yana kawar da kai, wai wannan muryar sauro ba tasharsa ba ce. Nan take Direba ya yi alkawarin kawo nasa rediyon ya bar masa a gefen gado.

Washegari da hantsi ya rungumo rediyon yana ta magana. A tsakiyar matakala muryar ta fara shaƙewa, kafin ya kai ƙofar titi babu komai sai shuu. Ya zargi batir, ya canza. A ɗakin Tela ya ja eriya, ya tsaya bakin taga, ya ɗaga rediyon sama har kafaɗarsa ta yi tsami. Tela na kwance yana binsa da ido. Kunya ta rufe Direba, ya ce yanayi ne, gobe zai dawo.

Da ya sa ƙafa a matakalar gidansa, muryar ta dawo tangaram. Ya daɗe a tsaye a wurin. Auta na shigowa daga aiki ya tare ta da tambayar abin da ta yi wa rediyonsa, ita kuma ba ta yi musu ba, ta janye kabad ta nuna masa akwatin da 'yar jar fitilarsa. Ta yi ta bayani, shi kuwa babu abin da ya shige shi sai abu guda: ashe duk safiyar da yake zaton gari na saurare tare da shi, shi kaɗai ne. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka bari ranar hutuna in je in haɗa masa."

"Tela ba shi da ranar hutunki," in ji shi.

Da safe, tana fita, ya durƙusa da ƙyar ya zare akwatin daga soket. Wayar da ke maƙale da shi ya cire ta ya ajiye mata a kan tebur, don shi ba ya taɓa kayan mutane. Ya sa akwatin a aljihu ya kama hanya.

Matar Tela ta matsar da magunguna ta ba shi soket. Jar fitilar ta kama. Ya kai allura inda ta saba, sai shuu ɗin nan ya ɗauke ɗif. Rediyon ya kama akwatin sosai, sai dai akwatin ba shi da abin faɗa, tunda an baro wayar a gida. Direba ya ƙara murya har ƙarshe. Shiru ne kawai, mai tsabta, da ɗan gunji can ƙasa.

Tela ya juyo da kansa a hankali, fuskarsa ta saki.

"Ya kama," ya ce. "Ka ji babu hayaniya? Haka suke yi in za a fara labarai. Kada ka taɓa."

Direba ya janye hannunsa daga rediyon. A lokacin ne ya tuna da wayar da ke kan tebur, ya kuma gane abin da ya yi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga Tela ya lumshe ido ya kasa kunne. Ya jawo kujera kusa da gadon, ya zauna, suka ci gaba da jira.