Tulu Mai Karkataccen Baki

Malama ta tarar da Baba mai tukwane ya ɗaga tulu zai doka shi da ƙasa, ta yi wuf ta tallabe gindin tulun.

"Haba Baba, me ya yi maka?"

"Bakinsa ya karkace, 'yata. Ba na sayar da abin kunya."

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da nasa. Tun da ta yi wa falonta sabon fenti take neman abin da za ta jera a bango, don ta gaji da furannin robar da ke gidan kowa. Ta juya tulun a haske. Bakin ya zame gefe guda kamar na mai shirin gulma, kuma nan take ya kwanta mata a rai.

"Ai irin wannan ake yayi yanzu. So ake a ga hannun mutum a jikin abu."

"Shekara arba'in ina gini, ban taɓa..." Sai maganar ta maƙale masa. Ya tsaya yana buɗe yatsun hannunsa na hagu yana rufewa, kamar hannun aro. Malama ta gani sarai. Ta ce a ranta tsufa ne, ta ce masa duk wanda ya karkace ya ajiye mata.

Kowane mako sai ta shiga ta ɗauki ɗaya. Baƙi suna yabawa, ita kuwa kanta yana ƙara girma. A da takan ji ƙugin faifan da yake juya laka a kai ta bayan katanga tun daga hantsi har la'asar. Yanzu sai ya yi ƙugi kaɗan ya yi shiru, shirun ya daɗe. Wani lokaci gabanta yakan faɗi, sai ta ƙara sautin rediyo.

A mako na biyar yayarta, wadda take aikin jinya a asibiti, ta kawo mata ziyara. Ko jaka ba ta ajiye ba ta tsaya gaban tulunan.

"Yadda kika saye su kika jera su?"

"Eh, Yaya. Ba su yi kyau ba?"

"Duk gefe ɗaya suka faɗi, kuma kowanne ya fi na bayansa karkacewa. Mai ginin nan yana jan ƙafa?"

"Kaɗan."

"Maganarsa fa?"

Sai a lokacin Malama ta lura tun safe ba ta ji faifan ba.

"Saka takalminki," in ji yayar.

Ƙofar gidan a buɗe take. Sun same shi kwance a gefen faifan, laka ta bushe a tafin hannunsa, kaji suna tsallake ƙafafunsa. Yana numfashi. Ido ɗaya ya bi Malama da kallo har aka sa shi a mota, ita kuwa ta kasa haɗa ido da shi. Kwana uku ya yi a asibiti, a rana ta huɗu da hantsi ya cika.

Bayan mako guda 'yarsa, wadda take aure a nesa, ta yi sallama a ƙofar Malama, rungume da wani abu a cikin tsumma.

"Likita ya ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ne, kuma ya daɗe yana ba da alama. Wai da an kai shi da wuri, da wataƙila..." Ta share ido. "Anti, ke da kike shiga kullum, ba ki ga komai ba?"

Malama ta sunkuyar da kai. 'Yar ba ta jira amsa ba, ta miƙa mata tsumman.

"A ƙarƙashin benci na gan shi, ya rubuta sunanki a gindi. Bai samu ya gasa ba. Ki kiyaye shi da ruwa, narkewa zai yi."

Tulu ne, bakinsa ya kusa taɓa kafaɗarsa. Bayan fitar baƙuwar, Malama ta zauna a tsakiyar falo da shi a cinya, sanyin ɗanyar laka yana ratsa zaninta.