Gogen Bayan Labule

Rhoda Penhallow ba ta daɗe da gama makarantar kiɗa ba teku ta cinye yayanta Keir a bayan tsibirin Bruny, shi da jirginsa na kamun kifi. Ko takalminsa ba a gani ba. Da hawaye suka tsaya, sai ta tsara masa kiɗa na ƙungiya guda cur, masu goge da masu busa da masu ganga, ta kawo mana nan Hobart. Ina cikin masu babban goge, a gabana aka yi komai.

Madugunmu a lokacin, mai ja mana kiɗa da sanda, Alistair Crewe ne, gwani mai mugun baki. Ranar gwaji ba mu yi nisa ba ya ƙwanƙwasa sandarsa, muka tsaya. Ya juya ya dubi Rhoda, tana zaune kusa da mahaifiyarta.

"Yarinya, wannan ce tekun taki? Ai wannan ruwan ko kyanwa ba zai kashe ba."

Wasu suka yi dariya don tsoronsa. Tsohuwar ta miƙe ta fita. Aka soke kiɗan, Rhoda ta kwashe takardunta ta bar gari.

Shekaru suka ja, sunanta ya cika Melbourne da Sydney, har shugabanninmu suka roƙe ta sabon kiɗa. Ta yarda, amma da sharaɗin Crewe ne zai ja mu. Shi kuwa kansa ya kumbura, wajen shan shayi yana cewa tsawarsa ce ta mayar da ita mutum.

Akwai abin da duk muka sani, ba mai furtawa. Kunnen Crewe na hagu ya mutu, yana ɓoyewa don kada a sallame shi. Labarin ya kai wa Rhoda.

Sabon kiɗan na guguwar teku ne. A tsakiyarsa ganguna da ƙahoni suna ruri ta dama, goge ɗaya tal yana kuka ta hagu, kuma sai madugu ya ji inda gogen ya sauka kafin ya shigo da sauranmu. A gwaji Crewe ya riƙa satar kallon hannun mai gogen, yana tsira. Ana gobe biki Rhoda ta ce a mayar da mai gogen bayan labule, don muryar wanda ruwa ya tafi da shi ce, ba a ganin mai ita. Ta tambayi Crewe ko akwai matsala. Girman kai ya sa ya ce babu.

Ranar Lahadi da la'asar zauren ya cika maƙil. Da muka iso guguwar na ga ya karkata kai yana laluben gogen, gumi na bin wuyansa. Ya sauke sanda tun lokaci bai yi ba. Rabinmu suka bi shi, rabi suka bi gogen, kiɗan ya watse kamar an zubar da kwanoni. Ya ce a sake. A wurin dai muka sake rushewa. Shiru ya yi yawa har ana jin ruwan sama a kan rufi. Ya ajiye sandar ya fita, mataimakiyarsa ta ƙarasa da mu.

Ina mayar da gogena cikin akwati Rhoda ta shigo bayan fage. Crewe na zaune, ya zuba wa hannuwansa ido.

"Kin sani," in ji shi.

"Na sani, ranka ya daɗe. Da ka ce ba ka ji, da na dawo da shi gabanka."

Ba ta jira amsa ba, ta wuce wurin masu yi mata barka.

Kafin wata ya ƙare Crewe ya ajiye aiki, ya koma wurin 'yarsa a Launceston. Bara na gamu da shi a kasuwa yana zaɓen tuffa. Ya tambayi lafiyar kowa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in gaishe su.