Hular Kwano Mai Bututun Kabon

Yanki na bakwai ya tsinke tun kafin allurar injin ta kai rabin inda ake sa rai. Uwar Ɓarna ta ja tsaki, ta kwance guntayen biyu daga haƙoran injin, ta rubuta lambar a littafinta. Abokan aikinta ne suka laƙaba mata wannan suna, domin shekara tara ke nan aikinta a ɗakin gwaji shi ne ta ja abu ko ta danne shi har ya karye, sannan ta rubuta ƙarfin da ya karya shi. Sunan bai taɓa ɓata mata rai ba.

Yankunan guda goma ne, an yanko su daga hular kwano ta masu babur. Kamfanin da ya yi hular ya ce ya cuɗa robar da bututun kabon. Ita kuwa ta san abin ciki da waje. Kabon ne irin na bakin fensir, idan aka ɓare shi har ya zama shimfiɗa ɗaya tak mai tsarin saƙar zuma, shi ake kira girafin. Idan aka naɗe shimfiɗar kamar tabarma sai ta zama bututu, siririn da gashin kai ya ninka shi kauri sau dubbai. Ya fi ƙarfe juriya nesa ba kusa ba, lantarki kuma yana gudu a cikinsa kamar an buɗe masa titi. Sai dai yana da hali ɗaya: son manne wa 'yan'uwansa. In ba a warwatsa shi da kyau a cikin roba ba, sai ya dunƙule, kowane dunƙule kuma ya zama wurin da tsagewa za ta fara.

Ta ɗora tsinkaye biyu na mitar auna lantarki a kan yanki na takwas. Da an gauraya shi yadda ya kamata, duk inda ta taɓa lantarki zai wuce daidai wa daida. A nan kuwa mita ta motsa a gefe ɗaya, ta matsa da faɗin yatsa, shiru kamar ta taɓa katako. Ta ɗaura shi a inji, shi ma ya tsinke, ta sa bakin karayar a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga su nan baƙaƙe, gudaji-gudaji, kamar garin da aka zuba a ruwan zafi ba a dama ba. Robar banza da ba a sa mata komai ba ta fi wannan ƙarfi.

Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya shigo da azahar tare da mai kamfanin. Farfesa yana riƙe da soyayyen nama a takarda, yana ci yana magana. Mutum ne da rabonsa da kunna inji tun tana makarantar sakandare, amma in ana maganar girafin a taro sai ka rantse shi ya haife shi. Ya miƙa hannun nan mai maiƙo ya ɗauki yanki na tara, wanda ba ta riga ta gwada ba, ya ɗaga shi ga haske, ya mayar da shi da shatin yatsu uku.

“'Yata, ina aka kwana?” in ji shi.

“Ranka ya daɗe, takwas na gwada, takwas sun faɗi. Biyu ne kawai suka ɗan matso kusa.”

Mai kamfanin ya yi dariya, ya gyara zaman agogonsa. “Ba zai yiwu ba, Malama. An ce mu sa kashi ɗaya cikin ɗari, ni da kaina na ce a sa biyar. Ban yi rowa ba.”

“Da me kuka gauraya?”

“Da injinmu na dama fenti. Sabo ne ful.”

Ta dube shi ta ga da gaske yake, har jiran yabo yake yi. Ta bayyana masa a hankali cewa abin ba gishiri ba ne da ake ƙarawa don ɗanɗano, akwai injin da ke girgiza shi da sauti har ya rarrabu, kuma yawan da ya zuba shi ya kashe robar. Yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan waya.

Farfesa ya lashe babban yatsansa. “Kimiyya ai ba a yi mata gaggawa. Waɗancan shida kuskuren yanka ne, kowa ya san ana samun haka. Ki ɗauki biyun nan masu kyau, ki gwada sauran biyun, ki fitar da rahoto ki sa hannu kafin a tashi.”

“Ko biyun ma ba su kai ba.”

“Sun kusa. Ke da bakinki kika faɗa.” Ya sassauta murya kamar uba mai lallashi. “Takardar sabunta aikinki tana kan teburina tun makon jiya. Ina ta so in zauna in duba ta, ayyuka ne suka yi mini yawa.”

Suka fita suka bar mata warin mai da takardar naman a kan bencinta. Albashin nan shi ke riƙe da gidan tun da aka rufe masaƙar da mijinta yake aiki, kuma Farfesa ya sani, domin ita ta gaya masa wata rana da ta ɗauka mutumin kirki ne. Abin da ya fi ba ta ƙyama shi ne yadda bai ko rage murya ba, a gaban baƙo, kamar yana aiken ta sayo ruwa.

Ta wanke yanki na tara da sinadari, ta ɗaura, ya tsinke. Na goma ma haka. Ta zauna ta buga lambobi goma cif, ba ta rage ko ɗaya ba, ta haɗa da hoton gudajin da abin da mita ta nuna. A ƙasa ta rubuta cewa wannan hula ba za ta kare kan kowa ba. Ta sa hannu. Ofishin Farfesa a kulle yake, ta tura rahoton ta ƙarƙashin ƙofa. Ta kwashe kofinta da sallayarta da takalmin da take ajiyewa a ƙarƙashin benci ta zuba a jaka, don ba ta ga alamar za ta sake buƙatarsu a nan ba.

A bakin titi motoci sun cushe, ta tsayar da mai babur, wani dattijo mai furfura a gemu. Ta faɗa masa unguwarsu. Ya ciro hula ta biyu daga hannun babur ya miƙo mata.

“Sa wannan, Hajiya, 'yan sanda na tsaye a gaba.”

Baƙa ce, mai sheƙi, da tambarin saƙar zuma a goshi. Ta juya ta. A ciki an manna 'yar farar takarda mai hatimin ɗakin gwajinsu, da kwanan wata na sati uku da suka wuce. A ƙarƙashin hatimin ga sa hannunta, da 'yar lanƙwasar da take yi a ƙarshe, an ɗauko shi daga wani tsohon rahoto an buga. Ta ɗaga kai. A layin masu babur da ke jiran fitila ta ƙirga irinta shida kafin ta daina.

“Baba, yaushe ka sayi wannan?”

“Kwana goma ke nan. Ƙungiyarmu ce ta kawo, kowa ya ɗauka. Har ɗana na saya wa.”

Ta hau, ta ɗora jakar a cinya, ta sa hular a kai. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

“Don Allah ka tafi a hankali,” ta ce.

Dattijon ya ƙwanƙwasa tasa da ɗan yatsa, yana murmushi. “Kwantar da hankalinki, Hajiya. Wannan ta fi ƙarfe ƙarfi. Wata ƙwararriya ce ta gwada ta, ga sa hannunta nan a ciki.”

Fitila ta ba da hannu, ya murɗa mai.