Turaren Abijan

Shekarar 1978, bayan girbi, ɗana Alƙasim ya komo garinmu Deule daga Abijan. Ya zo da rediyo da wata doguwar kwalba ta turare mai ruwa garai. Ƙanwarsa Altine tana gidana wankan jego, kwana goma sha biyu da haihuwar fari.

Matanmu turaren wuta suka sani. A zuba itace mai ƙamshi bisa garwashi cikin kasko, mai jego ta tsuguna, ta rufa da zane.

Da hantsi ina gyaran danga na ji Alƙasim yana yi wa uwarsa Gogo ba'a.

"Inna, har yanzu saiwar itace? Ga na birni. Ɗigo guda ya hi kaskonki duka."

"Kawo shi nan, ɗan banza, mu gani," in ji Gogo.

Altine tana tsugune, tana dariya. Gogo ba ta san ɗigo ba. Ta ɗaga bakin zanen ta tuntsura rabin kwalba cikin garwashi.

Wuta ta tashi da ƙara. Zanen na nailan ne, ya narke ya manne wa Altine a cinya da ciki. Ta fito tsakar gida a guje tana kururuwa, gashinta yana ci. Na kayar da ita, na tura mata ƙasa, na fizge zanen. Ya taho da fata. Tafin hannuna ya tafi tare da shi.

A amalanke muka kai ta likita a garin Buza. Malamin asibiti ya shinshina kwalbar.

"Baba, wannan kusan duka alkol ne, irin wanda muke goge allura da shi. Ƙamshin kaɗan ne a ciki. Ga shi an rubuta a kiyaye wuta."

Da Faransanci aka rubuta. Duk gidana babu mai karanta shi.

Kwana uku tana neman ruwa tana kiran jaririnta. Na huɗu ta cika.

Da muka komo daga kushewa na tarar da Alƙasim zaune bakin rumbu. Na ɗauki taɓarya. Bugun farko ya tare da hannu, na ji ƙashin ya karye. Na biyu ya same shi a kunne, jini ya wanke masa riga. Bai gudu ba, bai yi kuka ba. Maƙwabcina Isufu ya riƙe ni, na watsar da shi.

Na ɗaga na uku, Gogo ta faɗa bisa ɗanta.

"Malam, ni na zuba! Ni na zuba mata da hannuna. In kisa za ka yi, ga ni."

Na tsaya da taɓarya a sama. Hannuwana da suka ƙone sun tsage, ruwa yana bin guiwar hannuna. Na yar da ita.

"Isufu, kira maɗori," na ce.

Ƙashin ya ɗoru a karkace. Kunnen nan bai sake ji ba. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Shi ya yi renon yaron Altine.