Turare a Ɗakin Ɓeraye

Yaya ya fesa turaren a hannun rigarsa har ya jiƙe, ya ɗora farar rigar aiki a kai, ya tura ƙofar ɗakin ɓerayen.

Shi da kansa ya kafa dokar hana shiga da turare, domin baƙon ƙamshi na firgita ɓera ya saki fitsari. Shi ne kuma ya kawo ƙanensa Auta wannan ɗakin bincike, ya koya masa yadda ake ɗaga ɓera ba tare da ya ciji mutum ba. Yanzu ga shi Farfesa, shugabar ɗakin, ba ta da zance sai na Auta. Wai ya gano idan aka ƙara wa ɓera sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa, mafitsararsa takan daɗe tana riƙe fitsari. In gwajin yau ya yi kyau, Auta za a tura babban taro. Yaya kuwa ya tsaya gadin keji.

Ya bi layin kejin ɓerayen yana kaɗa hannu. Ɓerayen suka rikice suna tsalle. Sai da ya ga farar takardar da ke shimfiɗe ƙarƙashin kejin farko ta fara jiƙewa, ya fice, zuciyarsa fes.

Da hantsi Farfesa ta iso, Auta na biye da ita. Suka jera takardun a tebur, aka kunna fitila mai shuɗin haske wadda ke bayyana tabon fitsari. Yaya ya harɗe hannuwa yana jiran kallo.

Rabin takardun sun yi kaca-kaca da tabo. Sauran, na ɓerayen da aka ba magani, ɗigo ɗaya ne ko biyu.

"Kai!" in ji Farfesa. "Ban taɓa ganin bambanci irin wannan ba. Kamar wani abu ya tsorata su, waɗannan suka saki, waɗancan suka riƙe." Ta ɗaga kai tana shaƙar iska. "Wa ya shigo mana da turare?"

Yaya ya sauke hannuwansa. Auta ya dubi hannun rigar yayansa, ya daɗe yana duba.

"Shawarar Yaya ce, ranki ya daɗe," ya ce. "Cewa ya yi mu gwada su cikin tsoro."

"Shi ne ba ku gaya mini ba? Sai an maimaita kafin ka tafi taron. Kullum da safe, turare iri ɗaya, mutum ɗaya."

Ta fita tana latsa waya. Auta ya shiga tattara takardun, bai ɗago ba.

"Yaya, akwai saura a kwalbar, ko in biya kasuwa?"

Yaya ya ja kujera ya zauna.

"Akwai," ya ce.